Tsohon madubi mai ruwan zinariya: a fesa masa fenti ko a bar shi yadda yake?

"Assalamu alaikum. Daga unguwar Zariya nake, nan Maradi. Akwai wani babban madubi da muka gada wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Shi ma wani Bature ne ya bar masa, lokacin yana aikin kanti zamanin cinikin gyaɗa. Katakon gefensa mai ruwan zinariya ne da zanen furanni, amma yanzu ya dushe, wani wuri ja ya fito, wani wuri fari, gilashin kuma ya yi baƙaƙen ɗigo-ɗigo daga ƙasa. Ina son in sa shi a salon, wato ɗakin baƙi, na sabon gidanmu. Kafinta ya ce a kawo ya fesa masa fentin zinariya ya canza gilashi, zai dawo sabo fil. Ɗiyata kuma ta ce kar a taɓa shi. Wa ke da gaskiya? Ta yaya zan gane ko zinariyar gaske ce? Kuma ina ya kamata a rataye shi?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Tambayarki uku ce a dunƙule: mene ne ainihin abin da ke hannunki, me ya kamata a yi masa, sannan wane bango ne zai karɓe shi. Amma tun kafin mu yi nisa ga amsar gaggawa: ki dakatar da kafinta. Ban ce mugun nufi gare shi ba, abin da ya saba yi ne, kuma a kan madubin kasuwa aikinsa daidai ne. Sai dai wannan ja da farin da kika ce sun fito, su ne suka sa na miƙe zaune. In dai abin da nake zato ne, gwangwanin fenti na ƴan jikkuna zai shafe aikin da ba mai iya maido miki shi a garin nan. A nan ɗiyarki ta fi kusa da gaskiya, ko da yake "kar a taɓa shi" ɗin ma yana da iyaka, za mu zo wurin.

Ja da fari: abin da ke ƙarƙashin zinariyar

Mutanenmu in an ce ruwan zinariya, hankalinsu yakan tafi ga abin da maƙeran fari ke yi wa awarwaro da ƴan kunne, a tsoma ƙarfe a fito da shi yana ƙyalli. Na katako ba haka ake yi ba. Katako ba a tsoma shi, lulluɓe shi ake da fallen zinariya, kuma kafin a kai ga zinariyar akwai aiki mai cin rai. Da farko ana dafa danƙo daga fatar zomo, a kwaɓa shi da garin alli, a shafa wa katakon, ya bushe, a sake shafawa, har sau takwas ko goma ko fi. Wannan shi ne farin da kike gani. Sai a goge shi ya yi sumul, mai sassaƙa ya dawo da ƴan ƙarafansa ya sake fito da jijiyoyin ganye da furanni a jikin allin. Bayan nan a shafa wani yumɓu mai laushi ƙwarai, galibi ja, wani lokaci rawaya ko toka-toka, shi ma da danƙon fata aka kwaɓa shi. Wannan shi ne jan. A ƙarshe a jiƙa yumɓun da ruwa, a ɗauko fallen zinariya da wani faffaɗan burushi mai gashi siriri, a kusanto da shi, ruwan ya fizge shi ya kwanta. In ya bushe a murza wuraren da ake son su yi walƙiya da wani dutse mai santsi irin na tsakiya. A da ma haƙorin kare ake amfani da shi.

Fallen nan sirantarsa ta wuce misali. Kaurinsa kusan kashi ɗaya ne cikin 10,000 na milimita, numfashi kaɗai ya isa ya tashe shi, in kika taɓa shi da yatsa ya narke a fatarki ke nan. Ana sayar da shi cikin ɗan littafi mai falle 25, kowane falle wajen santimita 8 tsawo da faɗi. Saboda haka kar wani ya ruɗe ki da zancen a kankare a kai wa maƙeri. Firam babba, ko kadir kamar yadda muke cewa a nan, in ya ci falle ɗari, zinariyar da ke jikinsa duka ba ta wuce giram ɗaya zuwa biyu ba, kuma rabinta hannuwan masu goge-goge sun riga sun tafi da ita. Darajar abin tana cikin aikin hannun da shekarunsa.

Yanzu ki lura da abu ɗaya, don a kansa duk sauran maganar ta rataya. Allin danƙon fata ne ya riƙe shi, yumɓun ma haka, zinariyar kuma ruwa ne ya manna ta. To abin da ruwa ya manna, ruwa na iya ɓalle shi. Ni da kaina na koyi wannan da zafi. Ina yaron shago, ban fi shekara biyu da fara koyon aiki ba, aka kawo wa maigidana wani firam a gyara masa kusurwa. Ya fita sallar la'asar, ni kuma don neman suna na jiƙa tsumma na bi gefe ɗaya da shi. Shafa biyu na yi. Da na ɗaga tsumman sai na ga ya yi ja kamar na share jini, wurin da na bi kuma zinariyar ta tafi tsawon tafin hannu, sai yumɓu tsirara. Da ya dawo bai zage ni ba, ya dai riƙe tsumman yana kallo, ya ce, "Shekara ɗari ya yi lafiya lau, kai ka gama da shi kafin a sallame sallah." Har yau in na ga ƴar aiki ta nufi madubi da bokiti, gabana faɗuwa yake.

Yadda za ki gane irin naki

Ki fito da shi inda akwai haske amma ba cikin rana ba, mutum biyu su riƙe shi a tsaye yadda ya saba tsayuwa, kar a kwantar da shi. Ki fara da wuraren da suke shimfiɗe ba sassaƙa. In fallen zinariya ne, za ki ga wasu ƴan layuka a gicciye, tazararsu kusan ɗaya, wajen faɗin yatsu huɗu, inda falle ya hau kan ɗan'uwansa. Wurin ya zama ninki biyu, shi ya sa ya fi jure gogayya, sai ya rage yana haske bayan gefensa ya koɗe. In tazarar ta kai santimita 14 zuwa 16, to fallen tagulla ne, wato jan ƙarfe da aka gauraya da tutiya aka daka shi ya yi kama da zinariya. Shi yakan yi duhu, ya koma ƙasa-ƙasa, wani lokaci ya yi kore a lungu. Zinariyar gaske ba ta tsatsa kuma ba ta baƙi, datti ne kawai ke rufe ta. Akwai kuma masu sa fallen azurfa su bi shi da baranishi mai rawaya, wato man nan mai sheƙi da kafintoci ke shafa wa katako, irin wannan inda baranishin ya goge sai wurin ya yi baƙi. Fenti kuwa ba ya ɓuya: launinsa ɗaya ne ko'ina, ba shi da zurfi, in kika duba kusa za ki ga ƴan ƙwayoyi kamar gari, kuma ya cike ramukan sassaƙa.

Jan kaɗai ba hujja ba ce, domin masu yin na zamani su ma sun gane ana son sa, sai su shafa jan fenti a ƙasa su goge na sama da gangan. Bambancin yana ga inda gogewar ta faɗa. Tsufa na gaskiya yana cin wuraren da hannu da tsumma ke kaiwa, kamar sandar ƙasa da kan furanni da gefen da ake kamawa. Na ƙarya kuwa an rarraba shi daidai wa daida kamar an auna da mudu, har saman da hannu ba ya isa.

Daga nan ki zaga baya, don baya ya fi gaba faɗin gaskiya. Tsohon madubi bayansa alluna ne na katako da suka yi duhu, da ƙusoshi masu kai marar tsari ko masu kusurwa huɗu. In kika ga ƙusa mai zare da kanta ke da tsaga kamar gicciye, wannan bai girmi shekarun 1930 ba, ko dai an taɓa gyara shi daga baya. In kika ga izorel, wato siririn allon nan na kamfani, ko katakon gari da aka matse, ko ƴan ƙarafan nan na maƙala takarda, to na baya-bayan nan ne. Ki kuma duba inda wani fure ya ɓalle. In itace ne a ciki, sassaƙar hannu ce, ita ta fi daraja. In fari ne mai gari, filasta ce aka zuba a tsari aka manna, haka aka yi yawancin na ƙarni na 19. In launin ƙasa ne mai tauri da tsage-tsage a gicciye, wani kwaɓi ne na alli da danƙo da ƙaro da mai, wanda ya yaɗu tun ƙarshen ƙarni na 18. In kuwa firam ɗin ba nauyi, kika ƙwanƙwasa kika ji holoƙo, roba ce, ki huta da damuwa.

Su masu cinikin kayan da, abin da ya kai shekara 100 shi suke kira tsohon kaya na asali, wanda ya haura ashirin bai kai ɗari ba kuma suna ba shi wani matsayi na ƙasa da wannan. Naki tunda zamanin gyaɗa ya zo hannun Baba, ko a ranar aka ƙera shi ya daɗe da shiga sahu na biyu. Kuma Turawan kantunan nan sukan taho da kayan gidajen iyayensu, don haka ba abin mamaki ba ne a ce ya girmi zuwansa Maradi da shekaru masu yawa. In kusurwoyinsa biyu na sama a lanƙwashe suke, na ƙasa kuma a miƙe, da ƴan duwatsu-duwatsu jere a bakin gilashi, to salon da ake danganta wa Sarki Luwi-Filip ne, wanda ya mulki Faransa daga 1830 zuwa 1848, kodayake an ci gaba da yin irinsa shekaru da dama bayansa. Wani abin lura ga masu niyyar saye: ba duk mai kama da na Faransa ne ya fito daga can ba. Garin Dumyat na Masar ya shahara da sassaƙa kujeru da madubai masu ruwan zinariya a kan salon Faransawa, kuma irinsu sun shigo ƙasashenmu da yawa. Wasunsu aiki ne mai kyau, sai dai kar dillali ya sayar miki da su da sunan kayan fada.

Gilashin da baƙaƙen ɗigon

Nan ne nake son ki natsu, domin akwai zancen lafiya a ciki. Hausawa har gobe in bayan madubi ya lalace cewa muke zaibarsa ta goge, kuma kalmar tana da asali. Tun ƙarni na 16 masu aikin gilashi na tsibirin Murano a birnin Benis na ƙasar Italiya suke yin madubi da kuza da zaiba: a shimfiɗa fallen kuza, a malala zaiba a kai, a zuro gilashi, a danne shi da nauyi, sannan a bar shi makonni yana tsanewa har ya kama. Sun riƙe sirrin kam, har sai da Faransa ta yaudaro wasu ma'aikatansu, minista Colbert ya kafa masana'antar sarki a 1665, wadda ita ce ta zama kamfanin gilashi na Saint-Gobain na yau. Da wannan fasahar aka yi madubai 357 na shahararren zauren madubai na fadar Barsai a Faransa, zamanin Sarki Luwi na 14. A 1835 wani Bajamushe masanin haɗa sinadarai, Justus von Liebig, ya fito da hanyar kwantar da azurfa a bayan gilashi, amma ba a bar zaiba nan take ba, sai wajen ƙarshen ƙarnin, bayan ta nakasa ma'aikata ba adadi.

To ki duba naki. Madubin azurfa bayansa fenti ne, ja-ja ko toka-toka, fuskarsa tana da haske sosai, lalacewarsa kuma baƙaƙen tabo ne da ke farawa daga gefe su ci ciki, galibi saboda laima. Na zaiba haskensa a sanyaye yake, ya ɗan ja toka ko shuɗi, inda ya lalace kuma za ki ga yana ƙyalƙyali kamar an barbaɗa sukari, bayansa ba fenti, toka-toka ne mai kaushi. Yadda kika ce baƙaƙen ɗigo ne daga ƙasa, na fi karkata ga azurfa da ta sha ruwan goge-goge yana gangarawa yana taruwa a bakin firam. Amma ki haska tocila a gefen ƙasa. In kika ga ƴan ƙwallaye masu sheƙi kamar raɓa, zaiba ce ta sauko. Irin wannan ba a kwantar da shi, ba a juya shi kai ƙasa, ba a buɗe bayansa a cikin ɗaki. Zaiba tana tururi ba a gani ba a jin wari, zafi kuma yana ƙara mata tashi, ga shi bazararmu tana haura digiri 40. Ba zan sa shi a ɗakin kwana ba, balle na yara ko mai juna biyu, sai wuri mai iska. In ƙwallon ya faɗo ƙasa kar a share da tsintsiya, kar a taɓa da hannu, a tattara da takarda mai kauri a zuba a kwalba a rufe, a buɗe tagogi.

A canza gilashin ko a'a? Ni ra'ayina a bar shi, in dai mutum na iya ganin fuskarsa a tsakiya. Gilashin yanzu, irin wanda kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da shi a 1959, ana malala shi ne a kan narkakkiyar kuza, shi ya sa yake fitowa shar ba ko lanƙwasa. In kika sa shi cikin tsohon firam sai abin ya zama kamar tsohuwa da haƙoran roba, farinsu ya fi ƙarfin fuskar. Madubin kwalliya kina da shi a ɗaka, wannan na ado ne. In kuwa ya mutu gaba ɗaya har ba a ganin komai, a sa sabo, amma a naɗe tsohon a ajiye shi a tsaye, kar a yar. Kuma wanda zai cire shi ya san cewa allunan baya da gilashin su ke riƙe da tsohon firam, sau da yawa ana zare su kusurwoyi ke buɗewa.

Abin da za a yi masa

Kaɗan ne, kuma ke ma kina iyawa. Ki samu burushi mai laushi sosai, sabon burushin shafa hoda ya wadatar, ki riƙa kaɗe ƙura daga sama zuwa ƙasa, a hankali, ba dannawa. Kar a sa tsumma ko busasshe ne, don zarensa yana kama ɓawon da ya ɗago ya fizge shi. Omo da kananzir da man goge ƙarfe, da tokar nan da lemun tsami da mata ke wanke tasoshin tagulla da su, duk a nisanta su. Gilashin kuma ba a fesa masa komai kai tsaye. A ɗan jiƙa ƙyalle a matse shi sosai, a tokara kwali a bakin firam don kar ƙyallen ya taɓa zinariya, a goge, a bi da busasshe.

Iyakar maganar ɗiyarki ita ce nan: in allin ya fara ɗagowa yana zuba, barinsa haka ba gata ba ne. Duk ɓallin da ya faɗo ki tsince ki sa a ambulan. Mai gyara zai ɗura danƙon fata mai ɗumi a ƙarƙashin ɓawon da siririn burushi, ya danna shi ya koma mazauninsa, ya cike gurbin da ya yi fari da alli, ya ɗan rina shi da launin yumɓu don kar ya tsone ido. Wannan aikin ina yi, kuma shi nake ba mutane shawara. Kar a yarda da gam ɗin nan mai kamawa nan take, yana ƙona wurin ya bar tabo mai sheƙi da ba ya fita. Sake lulluɓe firam gaba ɗaya da sabon falle kuwa wani fanni ne daban, na waɗanda suka ƙware a kansa kaɗai, ni ba na karɓarsa, kuma ko an samu mai yi, madubin zai fito yana ihu kamar na kanti, ƙimarsa wurin masana ta ragu. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Fentin kafinta fa? Garin tagulla ne a cikin baranishi. Wata uku na farko zai burge baƙi, bayan shekara biyu ya koma launin ƙasa, ya toshe zanen furannin, kuma cire shi ba tare da an ɗebo zinariyar ƙasa ba aiki ne mai wuyar gaske. An taɓa kawo mini wani da aka fesa don bikin ɗiya, mai shi na son a maido shi. Kwana huɗu na yi a kan kusurwa ɗaya da auduga a tsinke, na samu wuri kamar faɗin akwatin ashana, na ce mata ta yi haƙuri. Amma in bincikenki ya nuna roba ce ko filastar zamani mai fenti tun asali, to ki ba kafinta, ya fesa son ransa, ba a yi asarar komai ba.

Ki duba ƙwari kuma. In akwai ƴan ramuka kamar na allura, ki shimfiɗa farar takarda ƙarƙashinsa mako guda. Gari mai haske ya zubo, ƙwaron yana raye, a ɗura magani ta baya cikin ramukan, kar a fesa a fuska. Gara kuwa kin san halinta, ta cinye ciki ta bar miki ɓawo, kuma ta bango take hawowa.

Inda za a rataye shi

Yanayin garin nan shi ne babban abokin gabarsa bayan jiƙaƙƙen tsumma. Da hunturu iska ta bushe ƙarau, katako ya tsuke. Da damina ta kankama a watan Agusta ya sha laima ya kumbura. Allin da ke kansa ba ya bin sa wannan kai-komo, sai ya tsage ya ɗago. Ba za mu canza yanayi ba, amma za mu iya rage masa kaifi. Ki zaɓi bangon ciki, wanda ɗaki ne a bayansa. Bangon yamma da rana ke gasawa tun azahar bai dace ba, haka wanda ke jingine da makewayi ko wanda ruwan indararo ke duka. Gidanki sabo ne, to siminti da filasta suna ɗaukar watanni suna fitar da ruwa. Ki manna ƴar leda a bangon da salatif ki bar ta kwana biyu, in kika ga gumi a cikinta ki jira tukuna. Kar iskar na'urar sanyaya ɗaki ta riƙa dukansa kai tsaye, musamman irin mai ruwan nan da ta yi yawa a gidaje yanzu. Kaskon turaren wuta ma a matsar da shi can gefe. Na san wannan zai yi wa mata wuya, amma hayaƙin yana da maiƙo, yana kwanciya a kan zinariya ya kama ƙura, kuma kin ji ba a wanke ta.

Nauyi kuma ba abin wasa ba ne. Gilashi kowane murabba'in mita yana da kilo biyu da rabi a kan kowace milimita ta kauri. Mai mita ɗaya da rabi a tsaye, mita ɗaya a faɗi, kauri milimita 6, ya haura kilo 22 tun ba a sa katako ba. Ƙusa ɗaya da aka buga a bulo mai rami ba za ta riƙe wannan ba. A huda bango wuri biyu, a cusa roba, a ɗaura manyan ƙusoshi masu zare, a kuma canza tsohuwar waya ko igiyar da ke bayansa ko da ta yi kama da mai ƙarfi. Ni nakan ƙara ɗan katako a ƙasa ya zauna a kai, don tsofaffin kusurwoyi su huta da ɗaukar kaya. A sa ƴan toshe biyu a baya ya bar bango da kamar faɗin yatsa, iska ta riƙa wucewa, ke ma ki riƙa leƙa hanyar gara. Bangon ƙasa kuwa ba na rataya masa irin wannan sam, sai dai a ɗora a kan tebur mai ƙarfi a ɗaure samansa.

Sai zancen ado. Madubi ba hoto ba ne, abin da ke gabansa shi yake nunawa, saboda haka kafin a huda bango a sa yara biyu su riƙe shi, ke kuma ki je ki zauna inda baƙi ke zama, ki kuma tsaya a bakin ƙofa. Na taɓa ɗaura wani a salon, muka koma gefe muna yaba aiki, sai maigidan ya shigo ya zauna a kujerarsa ya ga tsakar gida tar a ciki, har murhu da masu wanke-wanke. Ranar muka sauke shi. Gidan Bahaushe yana da sutura, kar madubi ya yaye ta. Haka nan ba na sa shi a bangon gabas in ana sallah a ɗakin, mutum ya tada kabbara yana kallon kansa. In akwai ƴan siffofin jarirai masu fukafukai ko fuskoki a saman firam ɗin, kamar yadda wasu na Turai ke da su, hukuncinsu na malamai ne, ki tambaye su, abin da zan roƙa kawai kar a sa guduma. Naki da kika ce furanni ne ba ki da wannan matsalar.

Wurin da ya fi yi masa kyau shi ne gefen taga, haske ya shigo ya goge shi ta gefe, sassaƙar ta fito da inuwarta. Tsakiyarsa ta yi daidai da idon mai tsaye, wajen mita ɗaya da rabi daga ƙasa, in kuma saman doguwar kujera ne a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu. Da dare farin ƙwan nan mai kama da na asibiti yana kashe zinariya, ya mai da ita kamar gwangwani. An yi ta ne don hasken kyandir, to ki nemi ƙwai mai haske ja-ja, wanda aka rubuta 2700K a kwalinsa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda na fi shan gardama da mata a kansa. Mun taso da jere, bango cike da kwalla da kumbo da tasoshi tun daga ƙasa har rufi, idonmu ya saba da cewa yawa shi ne kyau. Yanzu jeren ya koma labule mai zaren zinariya, kujeru masu ruwan zinariya, agogo, fulawar roba, har silin. In kika jefa madubin Baba cikin wannan, sabbin za su fi shi ƙyalli, sai ya zama kamar shi ne mai datti. Ki ba shi bango shi kaɗai, mai launi ɗaya a kwance, farin ƙasa ko kore mai duhu ko shuɗin baba, a ƙasansa ɗan tebur na katako da abu ɗaya ko biyu, ko da tsohuwar tasar Inna ce ko faifai mai kyan saƙa.

Duk wannan a kan bayaninki na gina shi, kuma aikin nan ido da hannu yake so. Ki ɗauko hoton bayansa, da na wurin da ja ya fito daga kusa, da na gefen ƙasa na gilashin da tocila a haske, ki turo. Kafin nan ki jingine shi a tsaye a ɗaki mai iska, a kan katako biyu don kar ya taɓa daɓe, ki yafa masa tsohon zanen gado na auduga, ban da leda.